Tankin da Ba a Cika Shi

Ruwan wankan Kumatu ne ya fara tona asirin ginin. Maman Kumatu ta zuba shi a baho, ta tsoma gwiwar hannu ta ji ɗuminsa daidai, ta juya ɗauko sabulu, da ta waiwayo sai ta ga ruwan yana tafiya shi kaɗai. Ya jingina da wannan gefen bahon, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya koma ɗaya gefen. Ba wanda ya taɓa shi. Ta ɗaga kai, ta ga igiyar fitila tana lilo a hankali. Ƙofar durowa ta buɗe da kanta, ta sake rufewa. Kumatu kuwa tana kan katifa tana tsotsar babban yatsan ƙafarta, ko a jikinta.

Ranar dai ba a yi wankan ba. Uwar ta goya 'yarta, ta zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa har mijinta ya dawo.

Ba su daɗe da tarewa a wurin ba. Baban Kumatu mahaɗin ƙarafa ne, irin waɗanda ke tafiya a kan ƙarfe mai faɗin tafin hannu a can inda tsuntsu ma sai ya yi niyya yake zuwa. Abokan aikinsa Ƙadangare suke ce masa. Yana cikin waɗanda suka ɗaure ƙashin wannan dogon ginin tun yana rami, da aka gama sai kamfanin ya ba shi ɗaki da falo a hawa na ƙarshe, don ya riƙa sa ido a kan ɗakunan injina da ke saman rufi. Ƙasa da su duk ofisoshi ne. Maƙwabtansu gida ɗaya ne tak, na mai gyaran lifta da matarsa, wadda kowa ke kira Rediyo. Da rana Ƙadangare yana aiki a sabon ginin da ake tayarwa a tsallaken titi, kuma daga tagar kicin matarsa tana iya hango shi, ɗan mitsitsi da hular kwano, yana jiran injin mai dogon wuya ya miƙo masa ƙarfe.

Da ya shigo ya gan ta da goyo da takalmi, ya tambaya ko unguwa za ta. Ta ce masa gidan yana motsi. Ya ce to, ai dama. Ya wanke hannu ya zauna gaban abinci.

“Baban Kumatu, na ce maka gidan yana motsi.”

“Na ji ki. Ranar da ya daina motsi, ranar za ki tashe ni mu gudu.”

Ta zuba masa ido. Ganin ba za ta bar shi ya kai loma baki ba, sai ya jawo akwatin kayan aikinsa ya zaro bakin zarto, ya lanƙwasa shi ya sake, ya miƙe sumul. Ya tuna mata dutsen gugar gawayi na Innarta, wanda ya faɗo daga kan tebur ya rabe biyu. Wancan, in ji shi, ƙarfen zubi ne, mai taurin kai, ba ya rusunawa, sai dai ya karye. Wannan kuwa irin ƙarfen da aka yi ginin da shi ne, an dafa shi an tace shi har ya koyi haƙuri. Iska ta tura shi ya ba ta hanya, ta wuce ya dawo. Ya ce da bulo zalla aka yi gini mai tsawon wannan, da bangon hawan ƙasa sai ya yi kaurin da ba za a sami wurin ajiye kujera ba. Nan kuwa bango riga ce kawai, ƙarfe ne ke ɗauke da komai.

Ta ce to in bango riga ce, me ya hana rigar zamewa? Ya ce an ɗaure ta da noti. Ta ce wa ya ɗaure? Ya ce shi. Ta tuna masa ƙafar gadonsu da ya yi alkawarin ɗaurewa tun kafin suna. Ya yi dariya har ya ƙware.

Ita ba ta ga abin dariya ba. Tun tana yarinya abin da ta sani shi ne, abu mai ƙarfi ba ya motsi. Tebur in yana rawa, sa masa takarda ake yi a ƙafa. Haƙori in yana girgiɗi, fita zai yi. Yanzu kuma an ce mata ta kwantar da jaririya a cikin abin da ƙarfinsa shi ne girgiɗinsa.

Washegari ta kira Inna a waya. Inna ba ta ja zancen ba. Ta ce ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin gidan kirki yana rawa ba, a maido mata jikarta, ɗakin baya yana nan a share. Shi in yana son zama a kan reshe, ya zauna, ai sunansa ya bi shi. Rediyo kuma nata bayanin daban. Da farko ta ce ai ba ginin ke motsi ba, gajimare ne ke wucewa yana ruɗin ido. Da aka nuna mata ruwan baho, sai ta ce to jinin mutum ne ke hawa saboda tsayi. Da aka ce baho ba shi da jini, ta ce ita dai ta saba, har in ta sauka ƙasa sai ta ji titi ya yi mata tsaye da yawa.

Akwai kuma ƙarar da ke saman silin. Duk ranar da iska ta taso, sai Maman Kumatu ta ji wani abu mai nauyi yana kai da komo a samansu, kamar ƙaton dabba yana juyi a barci. Ta dame shi da tambaya har ya gaji, ya ɗauko makulli daga ƙusar bayan ƙofa ya hau da ita. Ɗaki ne mai faɗi, mai sanyi, da warin fenti. Ginshiƙan ƙarfe tsirara, kowane noti da ɗigon jan fenti a kansa, alamar an ɗaure an duba. A tsakiya ga wani tanki shimfiɗeɗe, ya fi falonsu da ɗakinsu a haɗe sau da yawa. Ta leƙa ta ƙaramar taga a jikinsa: ruwa ne garai-garai, amma rabi kawai, daidai wani jan layi.

Ta ce wace irin rowa ce wannan, tanki kamar tafki a bar shi rabi? Ya ce ba a cika shi. Ba a kuma shan shi. Ta tambayi amfaninsa, ya sosa ƙeya ya ce shi ke riƙe ginin. Sai kuma ya ce a'a, ba riƙewa ba, gardama yake yi da shi. Kafin ya ƙarasa aka kira shi a waya daga tsallaken titi, ya kulle ƙofa yana amsawa, zancen ya mutu a nan. Abin da ta sauko da shi a ka guda ɗaya ne: ba a shan shi.

Ba a jima ba injin da ke turo ruwa sama ya lalace. Aka ce sai an kawo wani ƙarfen cikinsa daga nesa. Motar ruwa ta riƙa zuwa bakin ƙofar baya, kowa ya sauka da jarka. Ga Maman Kumatu wannan yana nufin goyo a baya, jarka a kowane hannu, da jiran lifta tare da ma'aikatan ofis masu janye takalmansu daga ɗigon ruwa suna kallon sama. Jarka biyu kuwa ba sa kai azahar a gidan mai jariri. Nafkin ya taru a bokiti, ta fara jinkirta canji, cinyoyin Kumatu suka yi ja jawur, yarinyar da ba ta kuka ta koma tsala ihu duk sanda aka taɓa ta.

Wata safiya tana tsaye a kan tulin wanki, sai abin nan na sama ya yi juyinsa. Ta ɗaga kai ta dubi silin. Ruwa a saman kanta, ita kuma tana sauka ƙasan duniya neman ruwa. Ai ba sha za ta yi ba. Makullin yana nan a ƙusarsa.

A gindin tankin ta sami ɗan famfo, ta murɗa, ko ɗigo. Bayansa akwai wani zagayayyen ƙarfe kamar sitiyarin mota a jikin bututu mai kauri. Ta kira Rediyo, suka kama shi su biyu, suna nishi suna dariya, har ya yarda ya juya. Ɗan famfon ya kawo ruwa da ƙarfi. Suka cika bokitai da baho da tukwane. Da suka gama ta rufe ɗan famfon tam, har ta sa tsumma ta goge ƙasa. Sitiyarin kuwa suka bar shi yadda yake, don kada gobe a sake shan wahalarsa. Ta ɗan ji kamar wani sauti yana gangarawa cikin bututun, amma wurin dama ba ya rabo da sautuka.

Ran nan ta yi wanki har igiya ta cika. Ƙurajen Kumatu suka fara bushewa. Mijinta ya dawo a gajiye, ya ga ruwa a ko'ina, ya yaba mata ƙoƙarin hawa da sauka. Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta ga har ya fara gyangyaɗi da takalmi ɗaya a ƙafa.

Daga nan ginin ya canja hali. Da can lilonsa na nutsuwa ne, ya je ya dawo ya huta. Yanzu in ya fara ba ya son tsayawa. Ruwan baho da ke tsayawa a baki ya fara zubowa ƙasa. Cokula suna ƙara a durowa. Ita kanta zuciyarta tashi take yi, har Rediyo ta fara yi mata wani irin kallo tana tambaya ko Kumatu za ta yi ƙani ne. Ƙaton dabban nan na sama kuma ya yi shiru, sai ta ɗauka ko wannan alheri ne.

Ta gaya wa mijinta motsin ya ƙaru. Ya ce ta sa abin a rai ne. Mutumin da ke wuni a kan ƙarfe tsirara iska na kaɗa shi, ina zai ji motsin falo? Ya ce shi da hannunsa ya ɗaure ginshiƙan nan, ya san su kamar yatsunsa. Ta ce ita kuma ta san bahonta. Suka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, da safe ta zaro jaka daga ƙarƙashin gado ta zuba kayan Kumatu a ciki.

Da la'asar hadari ya haɗo. Ta taga ta ga an tsayar da injin mai dogon wuya, mutanen tsallake suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Iska ta bugi gilashi. Gadon Kumatu mai ƙananan tayoyi ya taso daga jikin bango, ya gangaro tsakiyar ɗaki a hankali da yarinyar a ciki, ya tsaya, ya koma. Kumatu ta ƙyalƙyale da dariya. Uwar ba ta san sanda ta sure ta ba. Ta goya ta, ta ƙara ɗaure da gyale, ta ɗauki jaka. Gidan Inna, yau ba gobe ba.

Lifta ba ta zo ba. Rediyo ta leƙo ta ce maigidanta ya tsayar da su duka, igiyoyinsu na kaɗawa. Ta ce ta bari iska ta lafa mana. Maman Kumatu ta tura ƙofar matakala ta fara sauka.

Matakalar ba taga, sai farar fitila da lambobi a bango. Tana sauka tana jin ginin yana nishi, wani dogon kuka na ƙarfe daga can ƙasa har sama. Ta dafa ginshiƙi don ta huta, ta ji shi yana aiki a tafin hannunta kamar jijiyar mai ɗauke da kaya. Ta rasa ko ta yi sauri ne, ko saurin ne zai kayar da ita da goyo. A wasu hawan ta tarar da ma'aikatan ofis zaune a kan matakala, wata ta dafe kai, wani yana cewa abincin rana ne ya ɓata masa ciki.

Ta yi nisa da sauka sanda ta ji takun masu hawowa. Mijinta ne, jiƙe sharkaf, bayansa wata mata mai hular kwano da gilashi tana haki. Injiniyar da ke kula da ginin ce, masu ofisoshi suka kira ta. Ya dubi jakar, ya dubi matarsa. Injiniya ce ta yi magana, bayan ta sami numfashi. Ta ce an gaya mata a hawa na ƙarshe suke zaune, yaushe ta fara jin canji? Ba wanda ya taɓa yi wa Maman Kumatu wannan tambayar. Ta ba ta labarin baho, da cokula, da gado mai tayoyi, ta ƙara da cewa har abin da ke juyi a sama ma ya yi shiru.

“Ya yi shiru?” in ji Injiniya. Ta juya ta dubi Ƙadangare. “Yaushe rabonka da tankin?”

Ya ce tun da injin ruwa ya lalace hankalinsa yana can. Maman Kumatu ta gyara goyonta. Ta ce in dai tankin ne, lafiyarsa ƙalau, ita ma kullum tana ɗiban na wanki a ciki, kuma ba ta taɓa bari kowa ya sha ba.

Injiniya da Ƙadangare suka dubi juna, suka nufi sama da sauri.

Haka ta juya ta sake hawa duk abin da ta sauka, ba don an ce ta biyo su ba, sai don ta kasa tsayawa ba ta ga abin da ta yi ba. Tankin ya kusa ƙafewa. Jan layin yana can sama shi kaɗai, ruwan bai fi ya rufe idon sawu ba. Mijinta ya kama sitiyarin ya murɗe shi da hannu ɗaya, sautin cikin bututu ya ɗauke. Ashe babbar hanyar zubar da ruwan ce suka buɗe, tun ranar yake tsiyayewa zuwa kwata.

Ta tambaya da ƙaramar murya ko ginin zai faɗi. Injiniya ta ce a'a, ko ɗigo babu a tankin ƙarfen zai ɗauki iskar da ta fi wannan. Ta ɗauki bokitin da ke gefe, ta ɗebo sauran ruwan rabi, ta ba Maman Kumatu ta riƙe, ta ce ta kaɗa shi. In ginin ya tafi dama, ruwan yana makara, sai ya bugo hagu ya rage masa gudu. In an cika shi fal ba shi da wurin gudu, in babu shi ba mai ja da ginin.

“To shi ke riƙe da mu ke nan.”

“A'a, ƙarfe ke riƙe da ku. Shi don kada kanku ya juya ne.”

“Kaina kam ya riga ya juya,” in ji Maman Kumatu. Ƙarfe mai ƙarfi saboda yana lanƙwasa, tanki mai amfani saboda ba a cika shi ba, ruwa mai hana motsi saboda yana motsi. Ta dubi bokitin da ke hannunta kamar yau ta fara ganin bokiti.

Injiniya ta cire gilashinta ta goge. Ta ce dole ta kai bayanin abin da ya faru, kuma in ta faɗe shi yadda yake, makulli a ƙusa, mata a ɗakin injina, to kamfani zai ce iyali ba su dace da saman nan ba. Aikin tsallake ba za a taɓa wa Ƙadangare ba, amma ɗakin za a karɓe. Ta dubi jakar da ke rataye a kafaɗar Maman Kumatu, ta ce da alama ma hakan ba zai ɓata mata rai ba.

Ga ƙofa an buɗe mata, ba faɗa, ba yaji, ba wanda zai ce ta gudu ta bar miji. Abin da take roƙo tun ranar wankan farko ke nan. Ta jira ta ji daɗi, daɗin bai zo ba. Sai ɗakin bayan Inna ya faɗo mata a rai, da tsagar nan ta bangonsa da ake toshewa da siminti duk shekara tana sake buɗewa, bangon da bai taɓa motsi ba ko sau ɗaya. Ta tuna tagar kicin. In ta tafi, wa zai riƙa ƙirga hulunan kwano in suna saukowa? Ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai yana murza sifana a hannu, ko kallonta ya kasa yi.

“Ranki ya daɗe,” ta ce, “in an mayar da ruwan, bahona zai daina zuba?”

“Zai yi motsi. Ba zai zuba ba.”

“Gadon fa?”

“Wannan kam cire masa tayoyi za a yi,” in ji Injiniya, tana duban Ƙadangare. “Ko shi ma sai an kira injiniya?”

Maman Kumatu ta sauke jakar a ƙasa. Ta ce ita har yanzu ba ta gane ba, kuma ba za ta yi ƙaryar ta gane ba. Amma a bar su su ga yadda zai kasance in ruwan ya koma layinsa. In bahon ya sake zuba, ba sai an kore ta ba. Injiniya ta ce za ta faɗi gaskiya, har da cewa ba a rubuta komai a jikin sitiyarin ba, kuma mutum ɗaya ce a duk ginin ta lura da ranar da abin ya fara. Sauran ya rage ga kamfani, amma za ta sa baki. Makulli dai ya bar ƙusa daga yau.

Bayan an gyara injin, aka kira Maman Kumatu ta ga ana mayar da ruwan. Ta tsaya a ƙaramar tagar da Kumatu a kafaɗa, tana kallo yana hawa. Da ya taɓa jan layin mijinta ya rufe. Hannunta ya yi ƙaiƙayi. Duk tarbiyyar da aka yi mata tana ce mata ba a barin mazubi rabi alhali ruwa na zuwa.

“Ɗan ƙara kaɗan mana, saboda tsaro.”

“Maman Kumatu.”

“To, na ji.”

Da yamma Inna ta kira tana tambaya ko gidan ya daina rawa. Ta ce bai daina ba, amma an zuba masa ruwa. Inna ta ce ruwa kuma? Ta ce e, rabi. Sai Inna ta tambaya ko lafiyarta ƙalau kuwa.

Ta ajiye wayar ta zuba ruwan wanka. Ya jingina da wannan gefen, ya koma wancan, bai zuba ba. A sama ƙaton dabban ya yi juyinsa. Ta daɗe tana kallon bahon, sannan ta cire wa Kumatu riga ta tsoma ta a ciki, hannu ɗaya a bayan wuyanta, ɗayan riƙe da bakin bahon gam. Jakar tana nan bayan ƙofa, ba ta kwance ta ba tukuna.